Fenti Ko Takardar Bango: Wanne Ya Dace Da Korido Da Matakalar Bene?

Falo ɗan mowa ne a gidajenmu. Shi ake saya wa labule, shi ake sauya wa kujeru, can ake shimfiɗa wa baƙo darduma. Korido da matakalar bene kuwa 'ya'yan bora ne: kowa ta kansu yake bi safe da yamma, amma ba mai tunawa da su sai biki ya taso ko Sallah ta ƙarato. A ranar ne mutum zai ɗaga kai ya ga bango ya yi dauɗa daga ƙugu zuwa kafaɗa, ga shatin yatsun yara a jere kamar na masu dangwala ƙuri'a, ga inda ƙafar gado ta ɓantare filasta ranar da aka hau da shi sama.

A irin wannan rana ce uwargida ta ce a saka wolfefa, wato takardar bango, don ta gani a gidan wata ƙawarta ya burge ta. Ni kuma raina yana kan fenti, ba don wani ilmi ba, don dai shi na tashi na gani. Aka yi nata a matakala, aka yi nawa a korido. Bayan damina biyu kowannenmu ya ci rabin gardamar ya faɗi rabi, ni kuma na biya kuɗin gyaran duka biyun. Abin da na koya da kuɗin nan shi zan shimfiɗa wa mai shirin kashe nasa.

Kafin ka tambayi mai shago, ka fara tambayar bangonka, domin shi zai yanke rabin hukuncin. Shafa tafin hannunka a jikinsa. In ya taso da farin gari kamar ka taɓa alli, tsohon fentin ya mutu, kuma duk abin da ka ɗora a kansa, fenti ne ko gam, a kan gari ka ɗora. Sannan ka yanki leda kamar faɗin littafi, ka manne ta da salatif ta ɓangare huɗu a ƙasan bangon, ka bar ta kwana biyu. In ka ɓare ka tarar da raɓa a cikinta, ko wurin ya yi duhu, bangon yana shan ruwa. Wani ma ba ya buƙatar gwaji: za ka ga fenti ya kumbura yana zubowa, da wani farin abu kamar kanwa yana tsatsowa daga ƙasa zuwa gwiwa. Yawanci ruwan ƙasa ne yake hawowa ta cikin bulo saboda ba a shimfiɗa leda a harsashin ginin ba, ko kuma banɗaki ne a bayan bangon, famfo yana yoyo a ɓoye.

Wannan na biyun shi ya ci matakalarmu. Bangon da muka manna wa takarda, bayansa banɗakin yara ne. Shekarar farko lafiya lau, duk wanda ya shigo sai ya yaba. Cikin watan Agusta na shekara ta biyu sai bakin takardar ya fara buɗewa a mahaɗa, wani wari na ruma ya cika wurin, da na ja gefe ɗaya sai ga baƙin fumfuna ya yi taswira a baya, kyankyasai sun kafa gari. Fenti ma ba ya tsira daga danshi, kar wani ya ruɗe ka. Bambancin shi ne fenti yana nuna maka ciwon da wuri, yana barin bango ya sha iska, kuma gyaransa kankarewa ne da sake shafawa. Takarda mai rufin roba kuwa tana kulle ruwan a ciki, ta ɓoye maka ɓarnar har ta yi nisa. Saboda haka duk bangon da ke jingine da banɗaki ko kicin, ko wanda ruwan sama ke duka daga waje, ko na ƙasa da ke fitar da kanwa, ni a wurina an gama magana: fenti, shi ma bayan an toshe inda ruwan ke shigowa.

To a ce bangon busasshe ne. Nan ne gardamar ke da daɗi.

Mu fara da lissafi, tunda aljihu ne ya kawo mu. Ɗauki korido mai tsawon mita 6, tsayin bango mita 3, da ƙofofi uku. Bango biyu sun ba ka murabba'in mita 36. Cire ƙofofin, kowace kusan murabba'in mita 2, saura kamar 30. Fenti mai kyau lita ɗaya tana rufe kimanin murabba'in mita 10 a shafa ɗaya a bango mai santsi, kuma shafa biyu ake yi. Lita 6 ke nan. Galan biyu na lita hurhuɗu sun ishe ka har da ragowa. Ba ka buƙatar durom mai lita 20 sai in za ka haɗa da matakala da wani ɗakin, ko da yake in aka auna lita da lita durom ya fi galan sauƙi.

Takardar bango da aka fi sani a kasuwa nadi ɗaya faɗinsa santimita 53 ne, tsawonsa mita 10. A rubuce ya haura murabba'in mita 5, sai mutum ya raba 30 da 5 ya ce nadi shida. Ba haka ake lissafinta ba. Ana yanka ta ne falle-falle daga sama zuwa ƙasa, kuma bango mai mita 3 falle uku kawai zai samu daga nadi ɗaya, guntun da ya rage ba ya kai wa ko'ina sai saman ƙofa. Kewayen mita 12 yana cin falle 23, wato nadi takwas in aka ƙi yin ƙoro, bakwai in mai aikin ya iya amfani da guntaye a kan ƙofofi. Akwai kuma babban nadi irin na Koriya, faɗin mita 1.06 da tsawon mita 15.6, wanda ke ba da falle biyar masu faɗi. Uku daga cikinsa sun rufe wannan koridon, kuma mahaɗa ta ragu da rabi, wanda alheri ne, don daga mahaɗa takarda ke fara mutuwa. Sai ka ƙara kuɗin gam, da ladan mai mannawa, wanda galibi a kan kowane nadi yake caji.

Farashi yana sauyawa tsakanin wata da wata, musamman takarda da kusan duk shigo da ita ake yi, tana bin dala sama da ƙasa. Abin da ya fi maka shi ne ka riƙe waɗannan adadi biyu, galan biyu da nadi takwas, ka shiga Ƙofar Ruwa in kana Kano, ko Dei-Dei in kana Abuja, ko duk inda ake sayar da kayan gini a garinku, ka tambayi kuɗin kowanne a ranar. Duk lokacin da na yi wannan lissafi fenti ne ke fitowa ƙasa, ko da na babban kamfani ne. Inda takarda ke iya matsowa kusa shi ne in aka gwama mafi arhar sitika, wato siririyar takardar nan mai gam a bayanta, da fenti mafi tsada, kuma wannan ba gwami ba ne na adalci.

A matakala ne lissafin takarda ke ɓaci gaba ɗaya. Bangon bene daga ƙasa zuwa silin ɗin sama yakan kai mita 5 da rabi ko 6. Nadi mai mita 10 falle ɗaya tak zai ba ka a wurin da ya fi tsayi. Ragowar mita huɗun sai ka yi ta lallaɓa ta a wuraren da bangon ya gajarce, kuma da yake kowane falle a karkace ake yanke ƙasansa don ya bi gangaren matakala, asara tana ƙaruwa. In zanen mai manyan furanni ne da dole a daidaita fure da fure, ka ƙara wata asarar. Ga kuma wahalar aikin: falle mai mita 6 da ya sha gam yana da nauyi, sai mutum biyu, ɗaya a sama yana mannawa ɗaya a ƙasa yana tallafe da shi kar ya yage. Mai fenti kuwa zai ɗaura rola a doguwar sanda ya tsaya a kan matakala ya kai kusan ko'ina, tsani sai don gyara layin kusa da silin.

Tunda an ambaci tsani, bari in ratse. Na taɓa shigowa na tarar da yaron mai fenti ya kafa tsani a kan matakala, ƙafa ɗaya a kan tayil, ɗayar ya ɗora ta a kan bulo biyu da guntun katako. Na ce, "Kai, sauko, ba a gidana ba." Maigidansa ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ai haka muke yi kullum." Na ce to yau dai a samo faffaɗan katako a gitta daga matakala zuwa tsanin da aka jingina da bango, a ɗaure, wani ya riƙe. Aikin ya ƙara rabin yini. Ko ka ɗauko mai aiki ko kai za ka yi da kanka, ka sa kuɗin wannan katako a lissafi tun farko.

Akwai kuɗin da ba ya fitowa a bakin kowa sai an fara aiki, wato gyaran fuskar bango. Mutane da yawa suna zaton takarda tana rufe aibi. Ƙananan tsagu kam tana rufewa, musamman mai kauri mai tudu-tudu. Amma filastar da ke da yashi-yashi, ko rami, ko ƙullutu, duk sai sun fito ta cikinta, kuma gam ba ya kama bango mai kaushi da kyau. Don haka mai mannawa na kirki zai ce maka sai an yi sikiridin, a shafe bangon ya yi sumul, a goge da sanfefa. In bangonka bai taɓa ganin sikiridin ba, wannan aiki kaɗai zai iya kamo kuɗin takardar. Fenti marar sheƙi yana haƙuri da bango mai ɗan kaushi, a cike ramuka da fila a goge a wuce. Mai sheƙi kuwa, satin ko fentin mai, ɗan tonon asiri ne, musamman a korido inda haske ke shigowa daga ƙarshe ɗaya yana bin bango a kwance. Duk inda cokalin magini ya karkace sai ya nuna.

In tsohon bangon fentin mai ne, ba fentin ruwa ba gam da zai zauna a kansa kai tsaye. Ka jiƙa auduga da sifirit ka goga: in launi ya biyo audugar fentin ruwa ne, in bai biyo ba na mai ne, sai an kashe sheƙinsa da sanfefa an yi shafar ƙasa, wato fentin share fage da ake fara shafawa, tukuna. A jiƙa sanfefar a yi gugar a jiƙe, kuma a kawar da yara daga wurin, domin wasu tsofaffin fentin mai suna ɗauke da gubar dalma, ƙurarsu ba abin shaƙa ba ce.

Yanzu ga inda nawa zaɓin ya ba ni kunya. A korido na sayi fentin ruwa mai arha, irin wanda ake haɗawa a nan cikin gari, ba na kamfani ba, fari tas. Mai shagon ya rantse mini ba shi da maraba da na kamfani. Sati uku da gamawa ƙaramar 'yata ta zana mota da biro, uwargida ta sa tsumma da ruwan omo, biro bai fita ba fenti ya fita. Kafin hunturu ya wuce farin ya koma ruwan ƙasa, kuma duk wanda ya jingina da baƙar riga sai ya tashi da tambari a baya. Araha ba ta ado. Irin wannan fenti an cika masa garin alli an rage masa abin da ke riƙe shi, yana da amfaninsa a silin ko can sama inda hannu ba ya kaiwa, amma ba a hanyar da mutum goma ke bi kullum ba. A wannan fage takardar uwargida ta yi mini fintinkau: mai rufin roba ce, a goge ta da tsumma mai laima ta koma sabuwa, har miyar da aka fantsama mata ta fita.

Don haka in za a gwama da gaskiya, abokin karawar takarda mai roba shi ne satin, wanda wasu ke kira silik. Fentin ruwa ne shi ma, ba shi da warin fentin mai, yana bushewa cikin 'yan awoyi, yana da ɗan sheƙi kaɗan, kuma yana wankuwa. Manyan kamfanoni irin su Berger da Meyer da masu yin Dulux duk suna da shi, kuma a wasu shagunansu za a haɗa maka launin da ka nuna a kati. Ya fi fentin ruwa na gama-gari tsada sosai, amma ka tuna galan biyu muke magana a kai, ba gida guda ba. Fentin mai ya fi kowa jure wanki da gogayya, shi ya sa makarantu da asibitoci suka riƙe shi, sai dai warinsa yana kwana da kwanaki a wurin da ba taga, farinsa yana komawa ruwan ɗorawa a inda rana ba ta shiga, kuma mai asma ko mai juna biyu ba za su ji daɗin gidan ba a makon.

Abu biyu zan ce a guje musu a wannan wuri ko da kyauta aka ba ka. Na farko tekskot, fentin nan mai ƙurzunu-ƙurzunu. A katangar waje yana da kyau. A korido mai faɗin mita ɗaya da 'yan kai yana kankare gwiwar hannun yara, yana kama mayafi, ga ƙurar hunturu tana kwanciya a kowane rami ba ta goguwa. Na biyu soson nan mai zanen bulo da ake kira 3D, mai gam a bayansa, wanda ake sayarwa falle-falle kamar santimita 70 da 77. Ya yi farin jini a ɗakin amare don arha da saurin mannawa. Amma yaro in ya gano farce yana shiga cikinsa, ya samu abin wasa, zai yi ta mintsina har ya ga bango. Ranar ɓarewa gam ɗin yana tahowa da sikiridin. Abin da ya fi damuna kuma soso ne, wuta tana cin sa da sauri da baƙin hayaƙi, matakala kuwa ita ce hanya ɗaya tilo ta sauka a yawancin benayenmu, tagogi duk an yi musu ƙarfen hana ɓarayi. Sitika mai nadi, mai faɗin santimita 45, ba ta da wannan haɗarin sosai, amma siririya ce, zafin bazara yana narka gam ɗinta ta saki daga sama, musamman a saman matakala inda zafin kwano ke taruwa.

Gara ma abin tunawa ce. Takarda da gam mai sitaci abincinta ne. Gidan da aka taɓa ganin hanyar gara a bango, a yi maganinta kafin a kawo mata tuwo har gida.

Sai maganar tsufa. Kowane bangon matakala zai ji ciwo, ko ba daɗe ko ba jima: za a hau da firij, za a sauko da katifa, za a shigo da kayan jere. Fenti in ya ƙwarzane, ɗan burushi da ragowar galan sun gama magana cikin minti goma, ko da yake satin yakan nuna wurin facin kaɗan in haske ya bugo shi. Takarda in ta yage sai da irinta, kuma zanen da ka saya bana da wuya ka same shi baɗi, kasuwar kwantena ce, abin da ya shigo ya ƙare shi ke nan. Ko a rana ɗaya ka saya, duba lambar rukuni da ke jikin takardar kowane nadi ta zama iri ɗaya, don zane ɗaya daga rukuni biyu yakan bambanta a launi, ba za ka gani ba sai an manna su kafaɗa da kafaɗa. Ka sayi nadi ɗaya na ajiya. A gefe guda kuma, in ba a yage ta ba kuma danshi bai same ta ba, takarda mai kyau takan daɗe da kyanta fiye da fenti. A gidan yayata akwai wadda aka manna a saman bene tun kafin a haifi ɗanta na uku, yanzu yana firamare, ba abin da ya same ta. Amma gidan ba yara da yawa, kuma bangon na tsakiya ne, ba ya ganin ruwa ba ya ganin rana.

Ɗan haya lissafinsa daban. Ƙanwata ta manna takarda a koridon gidan da take haya ba ta tambayi kowa ba. Ranar tashi mai gida ya ce a mayar masa da bangonsa yadda yake, da aka ɓare sikiridin ya biyo, kuɗin ajiyarta ya tafi a gyara har ta yi ciko. Ta kira ni tana cewa, "Yaya, da na sani fenti na yi." In haya kake, fenti mai haske wanda mai gida ba zai yi ƙorafi a kansa ba ya fi maka kwanciyar hankali, in kuma ranka ya nace sai takarda, a yi magana da shi tun farko a gaban shaida.

Duk da haka ba zan zalunci takarda ba: akwai kyan da take bayarwa wanda rola ba ta iya bayarwa. Bango ɗaya mai zane a inda matakala ta karya kwana, ko a ƙarshen korido inda ido ke sauka, yana sauya gida gaba ɗaya, kuma nadi biyu sun isa. Wannan shi ne abin da muka koma yi bayan an gyara famfon banɗaki an bar bangon ya bushe har ƙarshen kaka. Daga ƙasa zuwa mita 1.2 muka shafa satin mai ɗan duhu, ruwan ƙasa mai cizawa, wanda ke haɗiye shatin hannu. Daga nan zuwa silin fentin ruwa marar sheƙi, ruwan madara, wanda ya fi arha kuma yake mayar da ɗan hasken da ke shigowa, abin da ke da amfani ranar da aka ɗauke wuta. Takarda kuma ta koma bango guda ɗaya na tsakiya a kan kwanar bene, sama da inda hannun yara ke kaiwa. Uwargida da farko ta ce rabin bango kala biyu ai asibiti ne. Abin da ke sa ya yi kama da asibiti shi ne kore ko shuɗi mai ƙyalli a ƙarƙashin fari fat. In launukan biyu 'yan gida ɗaya ne, aka kuma raba su da siririn katako ko layi mai faɗin yatsa biyu, ba wanda zai tuna da asibiti.

Fitar da layin a kan matakala ba wuya. Daga bakin kowace matakala ka auna tsayi iri ɗaya zuwa sama ka yi ɗigo da fensir, ka shafa wa zare bula, mutum biyu su ja shi daga ɗigon farko zuwa na ƙarshe, a ɗaga tsakiya a saki. Layi zai fito yana bin gangaren daidai. A bi shi da salatif na takarda, a shafa, a ɓare salatif ɗin tun fentin bai gama bushewa ba.

Wanda yake son zane amma aljihu bai kai takarda ba, akwai hanyar da ta girmi wolfefa a ƙasar nan. Duk wanda ya zaga cikin birnin Zariya ko tsohon birnin Kano ya ga yadda magina suke ƙawata fuskar zaure da dagi da sauran zane-zane. Ka zana dagin Arewa ko wani siffa mai sauƙi a kan roba mai ɗan kauri, tsohon fim ɗin hoton ƙashi na asibiti yana yi sosai, ka yanke da reza, ka ɗora a bango ka riƙa dangwala fenti da guntun soso wanda bai jiƙe sosai ba. Jere ɗaya a saman layin raba launi, yana hawa tare da matakala, ya wadatar. Kofi ɗaya na fenti zai yi aikin, sai dai haƙuri da yini guda.

Kar a manta da ƙarfen riƙo na bene, don bango sabo kusa da ƙarfe mai tsatsa kamar sabuwar riga ce da tsohon takalmi. A goge tsatsar, a shafa jan fentin nan na hana tsatsa, a bi da fentin mai baƙi ko ruwan makuba. Lita ɗaya takan isa. Matakalar kanta, inda ƙafa ke sauka, kar a kusance ta da fentin mai, ranar da aka yi mofin za ta zama santsi.

Lokacin aiki ma yana taɓa kuɗi da inganci. Tsakiyar damina bango yana riƙe da laima, gam ba ya bushewa da wuri. Tsakiyar hunturu ƙura tana manne wa ɗanyen fenti, gam kuma yana bushewa kafin a daidaita falle. Tsakanin ɗaukewar ruwa da saukowar hazo, wajajen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ya fi dacewa da duka biyun. Sabuwar filasta a ba ta aƙalla mako huɗu. Goman ƙarshe na azumi kuwa kowa yana neman mai fenti kamar yadda ake neman tela, zai karɓi aiki uku a rana ɗaya, ya tsuga ruwa a durom don shafa ta yi sauri. Ka sayo kayanka da kanka, ka duba murfin ba a taɓa buɗe shi ba, a buɗe a gabanka, ruwan da za a ƙara kuma kar ya wuce abin da aka rubuta a jikin bokitin. Ka yi ciniki a kan aikin gaba ɗaya da shafa biyu, ba a kan yini ba, ka riƙe wani abu sai ka duba bangon da rana tsaka, kuma ka sake dubawa da tocila a kwance da daddare.

Ragowar satin ɗinmu na juye a kwalbar bama guda biyu na toshe da leda, na rubuta sunan launin da lambarsa da fensir a bayan ƙofar sito. Makon jiya aka sauko da injin wanki, kusurwarsa ta ja layi a bango kamar kamu ɗaya. Na aiki babban ɗana ya ɗauko kwalba da burushi, kafin a kira la'asar wurin ya bushe.